Jakin da Ya Yi Tafi a Tsakiyar "Jirgin Gishiri"

Duk unguwar Preston ta birnin Melbourne babu wanda bai san Lindsay Prowse ba, ko yana so ko ba ya so. Shekara talatin da huɗu yana tuƙa bas, ƙafarsa ba ta taɓa hutawa ba: in ba ta kan birki, to tana bin wani kiɗa da shi kaɗai yake ji. An ce ranar aurensa ma, fada na karatu a coci, shi yana buga ganga da yatsu a cinya, sai da amaryar, Glenys, ta take masa ƙafa da tsinin takalmi. Yanzu ya yi ritaya, shekara saba'in har da ɗoriya. Gashi ya gudu daga goshi ya tare a ƙeya, ɗan abin da ya rage ya ɗaure shi kamar wutsiyar ɓera.

Abu ɗaya Lindsay ya riƙa a duniya: makaɗan nan da ake kira Tin Heron. Samari biyar ne masu gashi har gadon baya, irin waɗanda in suka soma waƙa ɗaya, sai ka dafa dankali, ka ci, ka wanke tukunya, ba su kai rabi ba. A 1975 suka yi wasansu na ƙarshe a wani tsohon gidan silima a Melbourne, suka yi faɗa, kowa ya kama gabansa. An naɗi wasan a tef, tef ɗin ya ɓace. Tun daga nan masoyansu suke jira, wasu har kabari.

To, babbar waƙarsu, "Jirgin Gishiri", minti ashirin da uku ce. A minti na sha huɗu komai yakan tsaya cak, shiru na daƙiƙa goma sha ɗaya, sannan mai fiyano ya shigo da sauti guda ɗaya tal. Wanda ya san kiɗa, ko numfashi ba ya yi a wurin. Amma ranar wasan nan, shirun bai kai daƙiƙa uku ba wani ya miƙe tsaye cikin duhu, ya zaci an gama, ya rafka tafi, ya kwarara ihu: "Haka ake yi, 'yan maza!" Sai muryar wata yarinya daga bayansa: "Zauna, jaki, ba su gama ba!" Mutum dubu biyu suka fashe da dariya. Mai fiyano ya rikice, ya shigo a karkace. Akwai masu rantsuwa cewa abin da ya wargaza ƙungiyar ke nan.

Ba wanda ya ga fuskarsa. Sunansa dai ya zauna: Jakin.

Kowace Asabar ta farkon wata, da rana, tsofaffi shida suke haɗuwa a garejin Lindsay, su gasa nama, su buɗe giya, su saurari tsofaffin faya-fayai ido rufe. Babu mai zagin Jakin kamar maigidan. "Da zan gan shi," in ji shi, "da bas zan bi ta kansa, in yi ribas in sake bi." Shi ya kafa doka: duk wanda ya yi motsi cikin shirun, korar wata uku. Ya taɓa korar mutum saboda atishawa.

Abin da tsofaffin ba su sani ba, Jakin shi ne Lindsay. Yarinyar kuwa Glenys ce. Juyawa ya yi ya ba ta haƙuri, ya ga idanunta, bayan shekara biyu aka ɗaura musu aure.

Ana nan sai Merv Tonkin, tsohon mai gyaran famfo, wanda shi ma yana can saman benen gidan silimar ranar wasan, ya faɗo gareji yana haki.

"Mutumina, an ga tef! A cikin akwatin takalman surukar mai ganga! Wani kamfani zai fitar da shi faifai a Disamba. Sun ce sun wanke sautin, ko ƙuda ya yi tari za ka ji."

"Madalla," in ji Lindsay.

"Madalla kawai? Kai, za mu ji muryar Jakin tas! Ni kuwa kunnena, ɗigon famfo nake ji ta cikin bango. In ɗan garin nan ne, sai na gano shi, ko a gidan tsofaffi yake."

Matsalar ita ce muryar Lindsay ba ta ɓuya. Rabin Preston sun girma suna jin ta tana cewa "A matsa baya, akwai wuri!" Murya ce kamar an haɗa hon da garwa.

Daga ranar zama ya gagare shi. Ciyawar ƙofar gida sau uku yake aske ta a mako, har ƙasa ta fito. Ya wanke mota, ya wanke ta maƙwabci ba a sa shi ba. Ya koma magana da raɗa, wai mura ce, ko mutane za su manta da muryarsa. In mai kawo wasiƙu ya shigo layi, sai ya laɓe bayan labule kamar wanda ya yi kisa. Ya rame har bel ɗinsa ya nemi sabon huji.

"Glen," ya ce wa matarsa, "ba ma je Perth wajen ƙanwarki bana ba?"

"Ƙanwata da ka ce muryarta na sa maka ciwon haƙori?"

"Mutum yana canzawa."

"Tsoho, zauna ka sha shayinka. Shekara arba'in da bakwai kana zagin kanka a gareji, ni ina kawo maka miya. Ba inda za ni. Ni ma ina son in ji yadda muryata take ina 'yar sha tara."

"Za su gane ni!"

"To ka yi kuka irin na jaki tun yanzu, ka rage musu wahala."

Faifan ya zo ranar Alhamis. Lindsay ya yi tunanin barinsa a mota cikin rana ya lanƙwashe, sai ya tuna Merv ya sayi biyu.

Asabar, da yake Disamba bazara ce a can, zafi kamar a soya ƙwai a kan rufi. Naman ya ƙone ba wanda ya kula. Merv ya goge allurar garmaho, ya ɗora a kan faifan. Tsofaffi suka rufe ido, ɗaya har yana hawaye tun kafin ganga ta shigo. Lindsay kuwa ƙafarsa na rawa, kwalaben da ke kan tebur suna ta ƙara. Minti goma. Sha biyu. Ya duba ƙofa, ya auna ko gwiwarsa za ta kai shi titi.

Sha huɗu. Komai ya tsaya.

Ɗaya. Biyu. Uku. Ya runtse ido.

Ba komai. Huɗu. Biyar. Shiru fes, kamar an share da tsintsiya. Masu gyaran sautin sun yanke tafinsa da ihunsa.

Ya kamata ya ji sanyi a ransa. Sai ya ji kamar an zare masa haƙori. Wuri guda ɗaya a duniya da ya shiga tarihi, an goge. Maganar farko da Glenys ta taɓa yi masa, an goge. Ashe ranar nan babu shi, babu ita. Bakwai. Takwas. Bai san lokacin da ya miƙe ba, hannuwan da kansu suka haɗu.

"Haka ake yi, 'yan maza!"

Daga bakin ƙofa, Glenys, riƙe da farantin burodi, ko ɗaga kai ba ta yi ba: "Zauna, jaki, ba su gama ba."

Fiyano ya shigo, a karkace, kamar yadda ya shigo a 1975.

Merv ya buɗe ido a hankali. Ya dubi Lindsay, ya dubi Glenys, ya sake duban Lindsay. Ya ɗaga allurar.

"Kai ne? Shekara arba'in da tara ina cin ƙonannen namanka, ashe kai ne?"

"Na zaci sun gama," in ji Lindsay.

"Wata uku," Merv ya ce. "Dokarka ce."

"Garejina ne fa!"

"Ka faɗa wa mai atishawa."

Haka aka kori mutum daga garejinsa. Amma da suka sake jin faifan babu shi, sai duk suka yarda kamfanin ya cuci tarihi, shirun nan ƙarya ne. Yanzu in ka bi ta layin ranar Asabar, za ka ga Lindsay kan kujera a waje, jikin taga, idonsa kan agogo, ƙafarsa na rawa. An yarda masa ya yi tafinsa da ihunsa ta taga a daƙiƙa ta uku kawai. Glenys ta ce ita ba za ta bar girkinta ba, daga kicin take aiko da nata "Zauna, jaki".