Manhajar da Ta Hana Kawuna Taki

A lokacin ina matashi mai rawar kai, ɗan garin Yako ta ƙasar Kiru da ke aikin kwamfuta a Kano, ina jin ba wanda ya kai ni. Wani kamfani ya ɗauke ni gwajin manhajar da za a yi wa manoman Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa rajistar taki da ita. Aikina in gano kurakuranta kafin a sake ta, kuma an tsayar da rana, don damina ba za ta jira mu ba.

Da lokaci ya ƙure, shugabanmu ya ce in zaɓi ɗaya: ko in bar kwamfuta ta yi gwaji da sunayen da muka ƙirƙira, ko in shiga ƙauyuka kwana uku in gwada da mutane na gaske. Na zaɓi ofis da fanka. Na bai wa kowane manomin ƙarya lambar wayarsa daban, komai ya tafi daidai, na sa hannu. An tsara manhajar ta ƙi duk lambar da ta zo sau biyu, kuma ni da na tashi a gidan da magidanta biyar ke amfani da waya ɗaya, ko a raina abin bai zo ba.

Ranar rajista, kawuna da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina ya bar ƙanensa ya fara da lambar wayar gidanmu. Da layi ya zo kansa, manhajar ta ƙi shi, ma'aikacin rajistar ya faɗa a gaban jama'a cewa dattijon so yake ya karɓa sau biyu. Kafin labari ya iso mana mu gyara, an rufe rajista. A shekarar, masararsa ba ta yi ba.

Da na je gida ya amsa gaisuwata, ya tambaye ni ya aiki, ya ce a kawo mini tuwo. Bai tayar da maganar ba, amma duk majalisar da na zauna sai hira ta mutu. A Kano kuwa abokan aiki cewa suke ƙaramin kuskure ne. Na rasa wanda zan faɗa wa abin da ke cina, kunya ta hana ni sake zuwa gida ko da Salla.

Na gane cewa gwajin da bai taka inda mutane suke ba, yaudarar kai ne. Masu irin aikina, kome ƙurewar lokaci, ku je ku gwada da waɗanda za su tsaya a layin. Mun gyara manhajar cikin yini ɗaya, amma har yau na kasa haɗa ido da kawuna.