Yaya Ilu da Haruffa Goma na Murfin Injin Huɗa

Duk wanda ya taɓa bin bakin kanal ɗinmu na ban ruwa da hantsi ya san abin da zai tarar: Yaya Ilu a tsugune, hula a ƙeya, tsinken kara a hannu, yana zane-zane a kan laka yana magana shi kaɗai. Ka yi masa sallama sau uku, ba zai ɗago ba sai ya ƙarasa abin da yake zanawa. Sannan ya ce, “Wa alaikumus salam. Koma ta can, kar ka taka min karatu.” Dattijo mai jikoki sha ɗaya fa! Ni Sabo, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, shekara shida ina shan wannan kunya a gaban jama’a, wai yayana yana koyon rubutun Japan.

Ku da kuka san shi kun san mafarin abin. Mu biyu muka haɗa muka sayo injin huɗa a Kano, irin ƙaramin nan da ake riƙewa ana bin sa a baya. Tsoho ne, ya gama wahalarsa a gonakin Japan kafin a kawo shi nan. Ranar da muka sauke shi, Yaya ya buɗe ɗan akwatin sifana da ke jikinsa, sai ga wani rubutu a cikin murfin, da baƙin alƙalami, a karkace, haruffa goma. Na ce masa, “Rufe mu tafi, lambar kamfani ce.” Ya ce, “Kamfani ba ya rubutu a karkace. Wannan hannun mutum ne. Wani ya bar saƙo, kuma hannunmu ya faɗo.” Shi ke nan, daga ranar muka shiga uku.

Da farko babur ya hau har wata masaƙa a Kano, wai an ce masa akwai ɗan Caina a can. Ya cire murfin ya kai masa. Mutumin ya duba, ya girgiza kai, ya ce ba yarensu ba ne, na Japan ne. Yaya ya dawo yana huci: “Ka ji mutum! Maƙwabcinka, a ce ba ka jin yarensa?” Na ce, “Yaya, kai kana jin Fulatanci? Ga Arɗo Jauro can, shekara talatin kuna gaisawa.” Ya suri murfinsa ya shige gida.

’Yarsa Binta, wadda ke karatun jinya, ita ta ƙara rura wutar. Ta je shagon kwamfuta ta bugo masa takardun koyon rubutun Japan na ’yan farko, shafi goma sha biyu. Kowane harafi an zana shi babba, da ’yan lambobi, ɗaya, biyu, uku, masu nuna layin da za a fara ja da wanda zai biyo baya. A ƙasa kuma ga gidaje an jera, fanko, inda mai koyo zai kwaikwaya. Shafin ƙarshe kalmomi ne da ma’anarsu da Turanci, shi kuwa Yaya ya yi firamare ta da, yana iya lallaɓawa. Binta ta miƙa masa biro ta ce, “Baba, a cikin gidajen nan ake rubutawa.” Ya riƙe baki. “A ciki? In na cike su yau, gobe a ina zan koya?” Ya naɗe takardun a leda, ya sa ledar a wata leda, ya nufi kanal. Wai laka kyauta ce, kuma ruwa na goge ta kyauta.

Daga nan “Bi lamba!” ta shiga bakinsa ba ta ƙara fita ba. Kana dashen tumatir ka tsallake kunya ɗaya, bi lamba! Ana cin tuwo ka kai hannu kan nama tun ba a yi nisa ba, bi lamba! Kuma shi ma bai taɓa karya dokar ba. Haruffa arba’in da shida ne, goma kawai yake bukata. Na ce, “Don Allah nemo goman nan ka huta, mu ma mu huta.” Ya ce, “Haka aka koya maka alifun ba’un, da tsalle?” Wani harafin sai ya yi wata biyu a kansa, wai ƙugiyarsa ba ta lanƙwasu yadda ya kamata ba.

Na taɓa kusan cin kwalarsa. Ranar da layin ban ruwa ya zo kanmu ce, tumatir ya yi laushi yana jira, na zo na tarar bai buɗe ruwan ba. Ashe a cikin ’yar hanyar ruwan ya yi rubutunsa, layi guda cur, ya yi masa kyau. “Sabo, tsaya ka gani tukuna. Tun da na fara ban taɓa yin irinsa ba.” Na ce, “Yaya, rubutun za mu ɗura a kwando mu kai kasuwar Kwanar Gafan?” Ya ce, “Minti biyar.” Na sa fartanya na ɓalle ruwan. Ya tsaya yana kallon haruffansa suna narkewa, sannan ya ce, “To, aƙalla tumatirin bana zai fi ka ilimi.”

Maƙwabcin gonarmu, Tanimu, shi kuma ya ɗauka wani sirri ne. Ya lura shinkafar Yaya na kyau, sai ya lallaɓa ya kwafi zanen da ya gani a laka, ya je ya zana a kusurwa huɗu ta gonarsa. Bayan girbi ya ja Yaya gonar ya nuna masa zanen, yana raɗa: “Malam Ilu, don Allah mene ne fassarar abin nan?” Yaya ya duba ya ce, “Kyanwa.” “Kyanwa?” “Kyanwa, shafi na sha biyu. Kuma ka fara ta daga ƙasa, ba ka bi lamba ba.” Tanimu ya ce, “Wallahi kuwa bana ɓera bai taɓa min shinkafa ba.”

Samarin gidanmu sun sha gaya masa cewa waya za ta karanta murfin nan kafin ya ƙifta ido. Da ya ga an ɗago waya sai ya kife hularsa a kai. “Wanda ya rubuta da hannunsa ya rubuta, ni ma da idona zan karanta. Duk wanda ya riga ni, ban yafe ba.” Har kwaɗo ya saya ya datse akwatin, mutumin da ko ƙofar ɗakinsa da igiya yake ɗaurewa.

To, yau zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa ba. A shekara ta huɗu idonsa ya fara yana. Injin ma ya mutu murus, ’yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa suna ta zarya, ni kuma na ƙagu a rabu da shi. Yaya ya ce ko ƙusa ba za ta fita ba sai ya karanta. Haushi ya kama ni. Ran nan ya manta makullin a kan tabarma ya tafi ta’aziyya Bunkure, na buɗe, na ɗora waya. Na ga abin da aka rubuta. Na mayar da kwaɗon, na sallami ’yan gwangwan. Shekara biyu ina kallon idon nan yana ƙara dushewa, tsoro na cina kar ya rufe kafin ya kai, maganar kuma tana nan a bakina kamar garwashi.

Wata Laraba da azahar, rana tsaka, ya aika a kira ni. Na same shi a gindin mangwaro, ya jawo murfin wajen haske, ya kusan manna shi da hancinsa, takardun na kan cinya. “Zauna.” Ya fara bin haruffan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. “O, ji, i, sa, n. A, ri, ga, to, u.” Ya juya shafin ƙarshe, ya daɗe yana lalube. “Kaka, na gode. Sabo, jika ne! Shi ya sa ya karkace. Ashe mai injin nan tsoho ne manomi, mai jikoki, irina.” Ya share ido da hannun riga, sannan ya juyo ya ƙura min ido. “Ba ka yi mamaki ba. Ka sani ko?” Na ce, “Shekara biyu, Yaya. Ka yafe min.” Ya ce, “Kai? Sabo? Ka riƙe magana shekara biyu?” Ya fashe da dariya har da tari. “Wallahi naka ya fi nawa wuya. Na yafe. Kira ’yan gwangwan, amma murfin nawa ne.”

Bai ga girbin shekarar ba. Bayan sadakar bakwai ni da Binta muka warware ledar nan biyu. Takardun fes, kamar ranar da aka bugo su, gidaje ɗaruruwa babu ko ɗigo. Sai a shafi ɗaya muka ga ya yi ɓarnar da bai taɓa yi ba: ya cike gida goma da haruffan murfin, da biro, a karkace kamar na jikan nan. Binta ta kife fuska a kai. Ni kuwa da na fi kowa yi masa tsiya, murfin yana rataye a ɗakina, kuma har yau in na bi bakin kanal da hantsi ƙasa nake kallo, kar in taka masa karatu.

Allah ya jiƙan Yaya Ilu, ya haskaka masa kabarinsa fiye da hasken ranar nan ta Laraba. Allah ya ba shi littafinsa a hannun dama, ya sa ya karanta shi da idonsa, ba tare da wahala ba. Yaya, mun gode.