Agogon Iska

Jirgin ƙasa bai taɓa bi ta Adar ba, amma yayana ya ce shi ya lalata ni. Na tafi biɗa Abijan ina saurayi, na samu aiki a garejin gyaran jirage, na dawo gida da furfura. Can na koyi cewa jirgi ba ya motsawa sai an duba agogo biyu. Ɗaya na iska, shi ke faɗin ko birki na da ƙarfin kamawa. Ɗaya na zafi, wanda ɗan ƙarfensa ke maƙale a jikin inji yana aiko da labari. In allurar iska ta faɗi, ko minista ne a ciki sai ya jira. Abin ya shiga jinina, har tukunyar matata nakan tsaya ina kallo kamar za ta nuna mini lamba.

Yayana shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ba wanda nake jin nauyinsa kamar shi. Da na dawo garinmu Tamaske sai ya damƙa mini makullin babbar motarsa, in riƙa kai albasa Madawa.

Ranar da zan fara, an gama lodi, mata sun haye kan buhuna da goyonsu. Na tada mota, allurar iska ko motsi ba ta yi ba. Jar fitilar gargaɗi an manne ta da takardar alewa. Na leƙa ciki, wayar ƙarfen zafi a yanke. Haka direbobinmu ke yi: duk abin da ya cika kuka a yanke shi, birki a saurari hucinsa da kunne, inji a taɓa shi da bayan hannu. Hanyarmu kuwa gangare ce da duwatsu. Na kashe mota na sauko.

"Yaya, ba ni tahiya da ita hakanga. In iska ta ƙare bisa gangare, mutanen ga..."

Ban rufe baki ba wata tsohuwa ta saki salati daga saman kaya. A wurinmu ba a ambaton hatsari a bakin tafiya, mugun baki ne. Ƙane kuma ba ya ce wa wansa a'a a bainar jama'a. Ni na haɗa biyun cikin numfashi ɗaya.

"Nan Adar ta, ba Abijan ba," in ji yayana, bai ko ɗaga murya ba. "Ba ni makullina."

Wani direba ya ja ta. Ta isa Madawa lafiya, ta dawo lafiya, haka mako bayan mako. A tasha suka laƙaba mini mai agogo, kowa ya gan ni sai ya tambaye ni ƙarfe nawa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ci mini rai shi ne yayana ya daina cin tuwo da ni, in na je gaishe shi sai ya amsa yana kallon bango. Na yi kuka a ɗakina, da gemuna da komai. Duk da haka na hau kabu-kabu zuwa Madawa, na bi masu tsofaffin kayan mota rumfa rumfa har na samo agogon iska da ƙarfen zafi. Na aika masa cewa ranar da aka ɗaura su, ranar zan tuƙa. 

Ana nan sai biki ya taso a Buza, mahaifiyarmu za ta je. Yayana ya share mata kujerar gaba, ta ce a kawo mata amalanke.

"Motar da ɗana yaƙ ƙi, ba ni hawanta," in ji ta. "Ni ban san agogo ba, amma na san shi ba ya ƙarya."

Tsohuwa ta tafi a amalanken jaki cikin rana, gari na kallo. Kafin kasuwa ta zagayo, matan unguwarmu sun fara neman wata mota.

Wata safiya na fito na tarar da motar a ƙofar gidana, makulli a jiki. Yayana na zaune a gindin bishiyar bedi, ya ba ni baya. Na kwanta ƙarƙashin motar ina ɗaura agogon da ƙarfen har azahar. Da na tada ta, allura ta ɗaga a hankali ta tsaya inda ya kamata, na ji daɗi har cikin ƙashina. Na je na durƙusa gefensa.

"Yaya, ta gyaru. Zo ka gani."

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Mota taka ta, ka tuƙa," ya ce. "Ni dai ka kunyata ni, kuma ban manta ba."

Ya wuce gida. Ni kuma na ja ta zuwa wurin lodi, kujerar gefena ba kowa.