Ranar Da Aka Ɓoye Mu Cikin Rumbu

Har yau in na buɗe rumbu, ƙamshin tsohon gero ya buge ni, sai in tuna lakwal ɗin garinmu, wato makarantar boko.

Aji ɗaya ce ta laka, a hanyar Konni. Ba mu da yawa: ɗiyan manoma, ɗiyan fatake da iyayensu suka zo daga Najeriya, sai Fulani biyu da ke ɓacewa da damina. Mata uku ne, har da ni. Ba da son iyayenmu aka rubuta mu ba. In motar gwamnati ta zo ɗibar yara, tun daga nesa ake jin kukanta, kowa ya ɓoye nasa. Wanda aka samu a fili shi ke shiga. Ni a bakin rijiya aka kama ni, kuma wallahi na so abin. Mushe, malaminmu, yakan ce kaina na ja.

Wata safiya bayan girbi muna shirin tafiya aji, sai ga kukan mota. Gari ya ruɗe. Kakata ta fizge allona, ta cusa ni cikin rumbu tare da ƙannena.

Na ce, "Kaka, ni ai an riga an rubuta ni!"

Ta ce, "Yi mini shiru. Wa ya san inda za su kai ku wannan karon?"

Ashe duk gidaje haka aka yi. Ashe kuma ba ɗiba aka zo ba. Babban mai duba makarantu ne ya zo ƙidaya, ya ga ko lakwal ɗin ta cancanci a bar ta. Ya tarar da Mushe tsaye da alli a hannu, benci babu kowa. Mushe ya bi gida gida yana roƙo. Ina jin muryarsa a ƙofarmu, Kaka tana cewa, "Malam, babu yaro ko ɗaya nan." Na lafe cikin gero har ya wuce.

Kafin damina aka ɗauke Mushe, aka kwashe benci. Maza kaɗan suka bi karatu Konni. Mu mata, shi ke nan.

Yanzu albasa ake ajiyewa a ɗakin ajin namu. Jikata kullum babur ke kai ta lakwal, ni ke biyan kuɗin da hannuna. Jiya ta kawo mini takardar sakamakonta, tana murna. Na riƙe na daɗe ina kallo, sannan na ce ta karanta mini.