Gafiyar Gidanmu

Kafin a san ni da sata, ni ɗan manomi ne a wani ƙauye kusa da Tudun Kaya, a ƙasar Karaye. Mu biyu ne maza a wurin babanmu, ni ne babba, sai ƙanena Sule. Ba mu rasa ci ba, ba mu rasa sutura ba. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani yaro ya ce talauci ne ya kai ni. Ƙyashin ƙanena ne ya kai ni.

Sule ba shi da baki, ba shi da kwalliya, amma in ya sunkuya da garma ba ya ɗagowa. A wajen gayya, inda samari ke taruwa su nome gonar mutum ɗaya, makaɗi ba ya wasa kowa sai shi. Ina ji ina gani, wata rana Hanne, yarinyar da nake so ban taɓa faɗa ba, ta kwance kallabinta ta yi masa fifita. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na ce a raina, tunda ba zan fi shi a gona ba, zan fi shi a dandali.

Kwalliya kuwa sai da abin hannu. Babanmu yana da wani ƙaramin rumbu da yake zuba irin gyaɗa, ya liƙe bakinsa da laka, ba mai taɓawa sai ruwan shuka ya sauka. A kan duwatsu rumbun yake zaune. Ranar kasuwa, da gida ya watse, na kwanta rigingine na shige ƙarƙashinsa, na huda gindin daidai shigar hannu, na cika hulata, na toshe da tsumma. Na ce hula ɗaya ce, wa zai sani? Kafin rani ya fita na sayi turare, na sayi takalmi, na yi hayar keke ina zaga gari ina buga ƙararrawa. Hanne ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Ka dai yi hankali da awakin mutane."

Da ruwa ya sauka, Baba ya fasa bakin rumbu ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya duƙa ya zaro tsumman, ga shi kuwa hannun tsohuwar rigata ne. Ya dube ni ya ce, "Gafiya ce ta yi mana ɓarna." Sule ya tashi ya ɗauko gyaɗar gayaunarsa, 'yar gonar da Baba ya yankar masa, wadda yake tarin aure da ita, ya zube ta a gaban Baba. Baba ya yi ta sa masa albarka har da hawaye. Kun san abin da na ji? Ba kunya na ji ba, haushi na ji, wai ko a nan ma ya fi ni.

Ban kai kaka a gida ba na gudu Rogo. Lokacin Turawa na sayen gyaɗa ba ji ba gani, ni kuwa na faɗa cikin masu zuba yashi a tsakiyar buhu, su yayyafa ruwa don ta yi nauyi a sikeli. Daga nan sai jakuna, in kwance a Kurugu in sayar a wata kasuwa. Rannan mai jaki ya gane nasa ta tsagar kunne, ya yi ihu. Na sha duka kafin 'yan doka su ƙwace ni. Alƙali ya ɗaure ni, aka tasa ƙeyata zuwa gidan yari na Kano. Na fito, na sake, na koma. Ina ciki wani ɗan garinmu ya gaya mini Baba ya rasu, ya ƙara da cewa Sule ya auri Hanne tuntuni. Allah ya yafe mini, labari na biyun ya fi ƙona ni.

Na dawo gida da furfura. Sule ya tare ni da "Sannu da zuwa, Yaya," ya ba ni ɗaki, ya ba ni gona, Hanne ta aiko da tuwo. Na dubi rumbunansa, na dubi ɗansa Isa, saurayi ya fara tasawa, na dubi kaina, ba ni da komai sai labari. To, sai na kasa labarin a gindin wata tsamiya. Da yamma samari su kewaye ni, in ba su yadda na tsere wa 'yan doka, su yi ta dariya. In ce musu, "Ni duniya ce ta karantar da ni. Wanda bai yi ɓarna da ƙuruciya ba, me ya sani? Wasu ko ganuwar Kano ba su taɓa gani ba." Kowa ya san da wa nake. Ni kaina na yarda da maganar, don in ban yarda ba, sai in ce shekaruna sun tafi a banza, na Sule kuwa ga su a tsaye.

Isa ya fi kowa matsowa kusa. Wata rana ubansa ya kira shi gona, sai yaron ya ce, "Bari Baffa ya ƙarasa." Daɗin da na ji ranar, rabona da irinsa tun ina kan keken haya.

Wata ranar kasuwa na shigo gida, sai na ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin rumbun iri, wannan dai na Baba. Na jawo su, sai ga Isa, hula cike da gyaɗa. Ta tsohon ramina ya bi. Ko a jikinsa, har da murmushi ya ce, "Baffa, ai kai ka ce sai an yi ake sanin duniya. Hula ɗaya ce fa."

Ashe Sule na tsaye a bayanmu. Bai ɗaga wa yaron hannu ba, ni ya duba.

Ya ce, "Yaya, don Allah in tambaye ka. Duk shekarun nan da ka yi, me ka koyo?"

Na lalube kaina tas, ni mai baki. Da ƙyar na ce, "Na koyi cewa kayan mutane ba abin taɓawa ba ne."

Ya ce, "Ai Baba ya gaya mana wannan muna yara, a kan tabarma ɗaya muke zaune." Sannan ya nuna Isa. "Gyaɗa na taɓa mayarwa, Yaya. Wannan in ka ɗauke, ba ni da wani."

A ranar na zaunar da Isa na ba shi sauran labarin, wanda ban taɓa kaiwa gindin tsamiya ba. Na gaya masa yadda na ɗauki bokitin kashi a ka, yadda na yi kuka a gaban gandiroba, yadda aka binne kakansa ba ni a sahu. Muka kwaɓa laka muka liƙe ramin tare. Na nemi gafarar Sule, na tuba ga Allah, na daina zama a gindin tsamiya.

Samari, in kun ji wani tsohon ɓarawo yana cewa kuskuren ƙuruciya makaranta ce, ku tambaye shi abin da ya koyo. Za ku tarar iyayenku sun riga sun gaya muku a gida. Mukan faɗi haka ne don mu iya kallon waɗanda ba su yi ba. Ku ji maganar tun a kan tabarma.

Isa ya koma gona, yanzu shi makaɗi ke wasawa a gayya. Da la'asar nakan gan su suna dawowa, uba da ɗa, kowa da garma a kafaɗa. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau abin yana suka na. Sai dai yanzu in na ji sukan, nakan tashi in kawo musu ruwa.