Ɗorawar Kakata a Filin Golf

Ba na jin an taɓa yin direba mai ji da kansa a Azare kamar ni, a shekarun da nake tuƙa keken jakin filin golf. In na haɗu da direban babbar motar gyaɗa a hanya, hannu nake ɗaga masa irin na abokan sana'a, shi kuwa ya bi ni da kallon mahaukaci, ko yatsa ba ya motsawa. Sabon aure gare ni a lokacin, hulata kullum a karkace, kuma ban ga abin da sitiyari ya fi ragama da shi ba.

Filin yana bayan bariki, unguwar Turawa, can wajen gari. Wasan kuwa, ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda yake. Babban mutum mai iyali zai ajiye 'yar farar ƙwallo kamar ƙwan kaza, ya maka mata sanda ta yi nisa, sannan ya bi ta da kansa cikin rana ya nemo ta, ya sake maka mata, har sai ta faɗa wani ɗan rami. In ta faɗa, sai ya sa hannu ya ciro abarsa ya nufi wani ramin. Kowane rami an kewaye shi da yashi mai laushi da aka cuɗa da baƙin mai aka shafe sumul. Na yi shekaru ina kallon abin nan, ban taɓa ganin wanda ya gaji da shi ba sai jakina.

Mai keken wani tsohon Bature ne na kamfanin sayen gyaɗa. Gwiwa ta ƙi shi, shi kuma ya ƙi barin wasa, sai ya sa kafinta ya haɗa masa abin hawa: tayoyin tsohuwar mota, benci, rumfar tamfol, da ƙugiyar rataye jakar sanduna. Aikina in kai shi inda ƙwallonsa ta faɗi, ko dai kusa da wurin, don keken nan ya fi gidan yari dokoki. An jera duwatsu an shafe su da farar ƙasa sun zagaye filin, nan ce hanyata. Yashin ramuka kuwa ko inuwar taya ba ta taɓa shi. In wani ya ɗaga sanda zai yi bugu, sai in tsaya cik, in riƙe bakin jaki ina addu'ar kada kuka ya taso masa. Sukuwa haramun ce. Babbar dokar dai ita ce ta ruwa: in ƙasa ta jiƙe, taya ba ta sauka daga hanyar duwatsu, ko wa ya ce.

Da farko na ɗauka tsirfar Turawa ce kawai. Sai wata damina wani saurayin Bature, baƙo, ya fizgi ragama a hannuna yana dariya, ya yanka ta tsakiyar fili bayan an ɗauke ruwa. Bai yi nisa ba taya ta nutse, jaki ya zauna, shi kuma ya sauka da ka. Kowa ya dara ban da wani dattijo da muke ce wa Baba mai jan buhu, wanda gyaran filin aikinsa ne, shi yake jan buhu a kan yashi ya daidaita shi. Rana ta fito ta gasa sawun tayar nan ya yi tauri kamar dutse. Ina kallo dattijon nan ya yi ta sara da fartanya, yana ɗebo ƙasa a kwando, ya durƙusa, ya miƙe da hannu dafe da ƙugu, kwana da kwanaki. Ni dai tun daga ranar, in an ce dokar ruwa, ƙugun Baba nake tunawa.

To, a tsakiyar filin nan akwai wata ɗorawa, ɗorawar kuwa ta kakata ce, wadda ta haifi babana. Tun kafin a yi bariki wurin gonarsu ce. Daga Katagum aka kawo ta aure, ta tarar da bishiyar tana 'yar ƙarama, kakana ya ce ya bar mata. Da kalwarta ta fara daddawa, daddawar da har daga Sakwa da Yana ake aikowa saye. Da aka karɓi gonar aka ba su wata a gabas da gari, ta ce ta ji, amma ba ta ga wanda ya ciccibi bishiyarta ya kai can ba. Kowace bazara sai ta ɗauki ƙwaryarta da maƙatarta, doguwar sandar nan ta kaɗo 'ya'yan itace, ta ratsa ta tsakiyar masu wasa ko sallama babu. Turawan suka gaji suka sallama, in ta taho sai su sauke sanduna su jira ta wuce.

Sai ƙafafu suka ɗauke mata. Bazara ta zo ta wuce ba ta je ba, wata ta sake zuwa. Yaran gida su kaɗo su kawo mata, ta lasa ta taɓe baki ta ce ta wata bishiyar ce. Ni da ita kuwa wasa muke irin na kaka da jika, ita ta ce mini maigida, ni in ce mata amarya.

Wata safiya na shiga gaishe ta, sai ta tare ni da faɗa. "Maigida, wai kai wane irin miji ne? Kullum kana yawo da tsohon Bature a keke, amaryarka ko sau ɗaya ba ka ɗora ta ba."

"Amarya, ai keken na masu wasa ne. Kin iya bugu?"

"Je ka tambayi ubanka ko na iya."

Ta yi dariyarta mai tari, sai kuma dariyar ta tsaya. Ta ce, "Ka kai ni in ga ɗorawata. In taɓa ta da hannuna. Ba na jin zan ga wata bazarar."

Ta faɗe shi kamar mai cewa gishiri ya ƙare a gida.

Da yamma na roƙi Baturen aron keke. Yana jin Hausa, irin tasu mai ɗingishi. Ya ce, "Tsohuwa mai sanda dogo? Kai ta, kai ta. Gobe safe ba wasa. Amma doka, doka." Na ce ai na sani.

Muka wayi gari ruwan farko ya sauka, gari ya yi luf, ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Nan take na tuna dokar ruwa. Na je in ce wa kakata mu bari ƙasa ta sha iska, na tarar har an yi mata wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura zanenta na saƙi wanda ba ya fitowa sai da dalili, ga goro a kumatu.

Na ce, "Amarya, ko mu bari sai jibi?"

Ta ce, "Jibin a aljihunka take? Ɗauko keke."

Muka ɗora ta ni da ƙanen babana. Ba ta zauna ba sai da ta sa aka gyara mata rumfa. A hanya kuwa ba wanda ta bari ya wuce lafiya. Matan da ke bakin rijiya ta tambaye su ko suna da saƙo zuwa Ingila. Wani malami ya gaishe ta, ta amsa masa da ɗaga yatsu biyu yadda ta ga matar Joji, Baturen mulki, tana yi a mota. Da muka shiga fili ta dubi yashin ramin farko ta ce daɓen ya fi na ɗakinta kyau, kuma duk don ƙwai ɗaya wanda ko ci ba a yi. Ta dubi sauran filin ta girgiza kai, ta ce ga ruwa ya sauka, ga ƙasa tana kiran iri, an bar ta kwance kamar ragon namiji.

Na bi duwatsu har inda hanya ta fi kusa da bishiyar, na ja ragama. Ga ɗorawa can, jifa guda, ta baza rassa, sauran 'ya'yanta suna reto. Tsakaninmu da ita akwai ɗan kwari mai laka, yana ƙyalli don jiƙa, ga yashin wani rami a gefensa.

Ta ce, "Jakin ya mutu ne?"

"Iyakar hanya ke nan."

"Wace iyaka? Ga fili nan a gabanka har Katagum."

Na yi mata bayanin laka da taya da yadda rana take gasa sawu. Ta saurara har na gama, sannan ta tofar da goronta.

"Gonata ce fa, ɗan nan. Na taka ƙasar nan da ciki, na taka ta da goyo. Yau jikana zai gaya mini inda zan bi? Wa ma zai gani? Baturenka yana can yana shan shayi."

Gaskiyarta, ba kowa a filin sai Baba mai jan buhu, wanda ya hango mu ya taho a hankali. Ya durƙusa ya gaishe ta, don ya san ta tun tana zuwa da maƙata. Ya dubi kwarin, ya dube ta, sannan ya ce da ni, "Ɗana, shiga da ita. Zan gyara."

Da zai miƙe sai da ya dafa ƙugu, ya ciji leɓe. Ni kuwa ragama tana hannuna, jijjiga ɗaya ta rage. Wallahi na so in shiga. Na ce, "A'a, Baba. Taya ba za ta sauka ba."

Kakata ta zage ni da Hausa, ta ga bai isa ba ta ƙara da Fulatanci. Wannan bai dame ni ba, na saba. Abin da ya biyo baya shi ya tsorata ni. Ta gyara zanenta, ta ƙura wa bishiyar ido.

Ta ce, "To, juya. Na gan ta daga nan ma ya isa."

Ban taɓa jin kakata ta ce wani abu ya isa ba. Na sauko, na cire takalma, na miƙa wa Baba ragama. Na juya mata baya na tsuguna a bakin keken.

Na ce, "Amarya, hau."

"Kai, rufa mini asiri! Da tsufana?"

"Ke kika goya ni har ƙafafuna suna jan ƙasa, ina ji ana faɗa. Hau."

"Da wannan ƙaton kan naka, har yau bayana bai yafe maka ba."

Tana faɗa tana miƙo hannu. Baba ya taimaka ya ɗora ta, ya ɗaure ta da mayafinta, ɗauri irin na wanda ya yi renon jikoki. Na yunƙura da ƙarfi kamar zan ɗaga buhu, sai na kusa kifawa gaba. Ba ta kai jakar sandunan Bature nauyi ba. Matar da take ratsa filin nan da ƙwarya cike a ka, ita ce wannan a bayana. Raina ya ɓaci ƙwarai, na gode Allah da ba ta ganin fuskata.

Ita kuwa ta kama kunnuwana ta mai da su ragama. In na yi hagu ta ja dama, ta ce jakin farko ya fi hankali. Na kewaye yashin ramin, laka tana fitowa ta tsakanin yatsuna, tana ta ba ni umarni har muka shiga inuwa.

Na ce in sauke ta, ta ce a'a, matsa kusa. Ta miƙa hannu ta saman kafaɗata ta ɗora tafinta a jikin bishiyar. Ta daɗe haka. Sannan ta ce, "Sannu, 'yar'uwa. Ke ma kin tsufa." Na yi ɗage na tsinko mata ɗaya daga 'ya'yan bishiyar da ruwa bai taɓa ba. Ta ɓare da farce, ta lashi garin nan rawaya, ya ɓata mata leɓe kamar na yarinya.

Ta ce, "Yauwa. Wannan ita ce."

Na ce, "Ai ita yara suke kawo miki."

"Rufe mini baki."

Ba ta ga wata bazarar ba kuwa, yadda ta faɗa. Amma ranar ba wanda ya kawo wannan a ransa, sai da ta lashe ɗorawarta tas, ta ƙulle kalwar a bakin zane, ta ce mu tafi.

A hanyar komowa na ji an saki kunnuwana. Kanta ya kwanta a wuyana, numfashinta yana sauka a hankali. Barci ya ɗauke ta. Sai na kama kaina ina ɗan jijjiga ta ina tafiya, yadda ake yi wa jariri, ban san lokacin da na fara ba. Da muka iso duwatsu Baba ya leƙa fuskarta, ya ɗora yatsa a baki. In na ce zan sa ta a keke, tashi za ta yi. Ya yi mini alama da hannu in wuce, shi zai mai da jaki.

Haka babban direban Azare ya shiga gari a ƙasa, ba takalmi, laka har ƙauri, hula ta faɗi ban san inda ba. Wajen kwanar kasuwa sai ga babbar motar gyaɗa ta taho tana gurnani. Direban nan ne dai mai yi mini kallon mahaukaci. Ya hango mu, ya rage gudu, ya raɓa gefe a hankali don kada ya fantsama mana ruwa. Da ya zo daidai da ni sai ya leƙo ta taga ya ɗaga mini hannu.

Ban iya ramawa ba. Hannayena duka biyu suna riƙe da ita.