Biran Kurmin Gauɗe

Jikata ta shigo da reshen gauɗe daga Bungudu, ƙamshin furensa na bugun hancina sai hawaye. Wai a makaranta an sa su kwatanta shi da ƙaramin biri: shi dangin itatuwa masu fure, biri dangin masu hannu irin namu, a faɗi wanda ya fi kusa da ƙarewa. Na ce zauna ki rubuta, wannan ni na sani.

Ina yarinya a ƙauyenmu na gindin dutse, ƙasar Tsafe, ni ke gadin masara. Birai kan sauko, in kaɗa gwangwani, su tsere cikin kurmin gauɗe bayan gona. Wata kaka suka yi mana ɓarna mai yawa. Baba ya yi ta zuba min bulala har sai da na nuna maɓoyarsu.

Da safe maza suka kewaye kurmin da karnuka da gora, suka jibga busasshen kara, suka cinna wuta. Birai suka riƙa fitowa gashinsu na ci, ana fasa musu kai. Wata uwa ta faɗi gabana, ta sa hannu biyu ta kare fuskarta. Kawuna ya sauke mata gora sau uku. Ɗanta na maƙale a cikinta. Na ɓamɓare shi na cusa cikin zanena.

A al'adarmu akan tsire gawar biri a kan sanda a bakin gona, don sauran su tsorata. Ana cikin tsirewa ɗan ya yi kuka.

"Ke, mi kinka ɓoye?" in ji Baba.

Inna ta ce, "Malam, bar mata, jinjiri ne."

"Jinjirin nan baɗi shi zai ci masararki. Miƙo shi."

Yatsun ɗan birin na riƙe da ɗan yatsana. Ni na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, na miƙa shi. Baba ya maka shi da dutse.

Ruwan farko na sauka gauɗen ya tofo daga cikin toka, don saiwarsa na ƙasa. Biri ba shi da saiwa. Har aka kai ni ɗaki ban sake jin kukansu a dutsen ba.

Mijina, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai na taɓa faɗa wa. Yakan ce, "Yarinya ce ke, tsoro ne." Yanzu ina zaune a Gusau, babu mai ce min haka. Masararmu ta yi kyau shekarar da ta biyo, kuma da ni aka ci.